Zancen Kan Tabarma: Rariyar bugun riga, shanyarta da ɗaukarta

Ƴan uwana matan asusu, na nan Tamaske da na Kaita da Buza da Madawa, da duk ƙauyen da wagga takarda ke isa. Waɗanda ke garka wajen ɗibar albasa, sannunku da rana. Allah shi sa a saida da daraja, kada ta ruɓe mana cikin rudu.

A fitowar da ta gabata na yi muku alkawarin zancen tara, wato kuɗin da ake ci ma wadda ta yi lattin zubi. Ku yi mini haƙuri, na ɗage shi zuwa gaba. Dalili kuwa, 13 ga watan Mayu ta matso, kuma ƙungiyoyi biyu sun aiko mini da tambaya iri guda. Sun ji mun sayi kayan bugun riga, su ma suna so su saya, shin akwai riba? Akwai. Amma mu sai da munka sha asara kafin mu gan ta. Gara in nuna muku ramin da munka faɗa, don kada ku bi ta wurin.

Yadda munka shiga sana'ar

Kun san matsayin 13 ga Mayu gare mu. Ran nan ce, a shekarar 1991, mata sunka fito cikin Yamai sunka yi tattaki, don ba a ba su wurin da ya kamata ba cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Daga nan ranar ta zama ranar matan Nijar. A cikin shekarar nan dai ta 1991 anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, asusun nan da yau muke cin moriyarsa. To duk shekara, in ranar ta zo, kowace ƙungiya na son ta fito da anko, riga ko kallabi mai sunanta. Haka ma 8 ga Maris, da bikin suna da na aure, da ƴan ƙwallon unguwa, da ƴan lakkwal. Kuɗin bugun nan duka Tawa suke tafiya, ko Ƙonni.

Bara sai munka ce, mi zai hana kuɗin su tsaya nan? Mu shida cikin ƙungiyarmu munka ɗauki bashin jika 120 daga akwati, da sharaɗin biya cikin wata uku tare da abin da dokar asusu ta ɗora a kai. Munka sayi rariya huɗu, da tawada, da magani, da robar ja. Wani yaro ɗan garin nan da ya koyi aikin a Tawa ya zo ya zauna da mu kwana uku ya nuna mana.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Katako ne mai kusurwa huɗu, an ja wani yadi mai ƙananan ƙofofi an ɗaure a kansa tamau kamar fatar ganga. Masu aikin na kiran sana'ar serigarafi da Faransanci. Mu dai tun ran farko munka sa ma katakon suna rariya, don da ita ya yi kama. Da can da siliki ake yin yadin, yanzu da zaren roba ne. Wanda aka fi sa ma bugun riga yana da zare 43 a cikin santimita guda, in za ku saya ku riƙe wannan lambar.

Ana shafa ma rariyar wani magani mai kauri wanda haske ke busarwa ya ƙanƙare. A bar shi ya bushe cikin duhu. Sannan a ɗora takarda mai shara-shara wadda aka buga rubutun da baƙi a kanta, a danne da gilashi, a fitar a rana na ɗan lokaci. Inda rana ta taɓa, magani ya kama. Inda baƙin rubutu ya tare, magani bai kama ba, da an zuba ruwa sai ya fita ya bar ƙofofin yadi a buɗe. Ta nan tawada ke bi ta sauka kan riga in an ja ta da roba. Shi ke nan aikin.

Yaron ya koya mana shafi da ja, hannunmu ya faɗa. Abin da bai tsaya a kai ba, mu ma ba mu tambaya ba, shi ne inda rariya za ta kwana, da wanda zai ɗauke ta, da yadda zai riƙe ta. Mun ɗauka shanya ai shanya ce, wace mace ce za a koya ma shanya?

Ranar da rariya uku sunka lalace

Wata ƙungiya ta ba mu aikin riga 60, gaba da baya, mu ma muna da namu 30. Saura kwana tara. Ran nan da hantsi munka shafa ma rariya uku magani, munka jingina su ga bango cikin wani ɗaki mai rufin kwano, munka ja ƙofa, kowa ta tafi girkin rana. Ƙarshen Afrilu ne, kun san yadda ɗakin kwano yake da azahar.

Washegari munka fitar da ta farko a rana, munka zuba ruwa. Rubutu ya ƙi fita. Munka goga, munka ƙara ruwa, ko harafi guda bai buɗe ba. Ta biyu ta buɗe, amma da munka ɗaga ta wajen haske sai ga ƙananan huji ko'ina kamar an watsa gero. Don gaggawa munka ce ba komai, munka buga da ita. Riga 17 sunka fito da ɗigo-ɗigon tawada kewaye da rubutu, rigunan mutane, ba namu ba. Ta uku kuwa munka ba ƙaramar cikinmu ta kai ma yaron nan ya duba. Ta hau kabu-kabu, anka ɗaure rariyar a baya tare da wani kwando, kafin su isa bakin kwandon ya huda yadin.

Ran taro, da anka buɗe akwati, magana ta yi zafi. Wata dattijuwa ta ce, "To wa za shi biya? Kuɗin nan na marayu na ciki." Gaskiya ta faɗa. Wasu sunka juya kan yarinyar, ita ce ta yaga, ita ce ta rufe ɗaki. Tana zaune bakin tabarma ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ni ce shugaba, kuma ni ce na ce a jingina rariyar ga bango. Sai na ce, "Ku dakata. Kafin mu ci ma wata tara, a kawo dokar da ta karya." Babu. Ba mu taɓa zama mun ce ga inda ake ajiye rariya, ga mai ɗaukar ta ba. Mu shida munka raba asarar daidai, munka sayi riga 17 munka maida ma masu su, munka roƙi wata guda a kan lokacin biya. Anka ba mu, kuma mun biya.

Daga baya munka koma wurin yaron, da wani dattijon mai bugu a Tawa, munka yi ta tambaya har munka gane. Ruwa ba ya tsami banza. Ta farko zafi ne ya dafa ta, ga kuma hasken da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa da hujin kwano. Ta biyu ƙura ce ta zauna kan magani tun yana ɗanye. Ta uku ɗauri ne.

Shanya huɗu ce, kowace da hukuncinta

Ta farko, bayan wanki. Sabuwar rariya ko wadda aka kankare ma tsohon rubutu, sai an wanke ta da sabulu an fitar da maiƙo, don magani ba ya kama wuri mai maiƙo. In an ɗauraye, kada a sake taɓa yadin da hannu, hannunmu bai rabuwa da mai. Kada a goge da tsumma, yana barin gashi. A tsayar da ita a inuwa inda ba ƙura, ta bushe da kanta. Kada a bar ta cikin ruwa ko a yashe ta a rana wuni guda, katakon zai karkace, yadin ya saki. Rariyar da ta saki ba ta fitar da rubutu mai kaifi.

Ta biyu, bayan shafin magani. Wannan ita ce mai wuyar, nan munka faɗi. Abu huɗu take gudu.

Haske. Ko kaɗan ne, in ya daɗe yana taɓa ta, ya isa. Ki shiga ɗakin da rana, ki rufe ƙofa, ki tsaya har idonki ya saba. Duk inda kika ga haske na shigowa, ki toshe. Fitila mai launin rawaya ba ta cutar da magani, ita ake aiki da ita. Farar fitila da tocilan waya a nesanta su.

Zafi. Maganin ba ya son ya wuce digiri 40. In ya wuce, yana ƙanƙarewa kamar rana ta taɓa shi, ko da cikin duhu yake. Nan Adar kuwa, a Afrilu da Mayu, iskar waje ma tana wuce 40 da rana, balle ƙarƙashin kwano. Saboda haka ɗakin ƙasa ya fi, kuma shafin dare ya fi. Kada wadda ta ce bari in kanga ta ga murhu ko in sa ta kusa da garwashi don ta yi saurin bushewa.

Ƙura. Kowane ƙwayar ƙura da ta zauna kan ɗanyen magani, huji ce gobe. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ita ce babbar abokiyar gaba. A share ɗaki tun da wuri, a ɗan yayyafa ruwa a ƙasa, a bari ƙura ta kwanta, sannan a yi shafi. Ba a shara bayan an shafa.

Laima. Wannan ta damina ce. A watan Agusta iska na ɗauke da ruwa, magani na iya kwana bai bushe ba. Wanda bai bushe sosai ba, ko an fitar da shi rana ba ya kamawa da kyau, ana cikin bugu sai ya fara saɓulewa. Da rani, in akwai iska mai motsi, awa guda kan isa. Da damina a ba shi dare guda, ko fiye. Yadda za ki gane: launin ya zama iri ɗaya ko'ina, ba wurin da ke ƙyalli, in kin taɓa can gefe da bayan yatsa ba ya danƙo.

Sai kwanciyarta. Ba a jingina ta tsaye kamar yadda munka yi, magani zai gangaro, sama ya yi siriri, ƙasa ya yi kauri. A kwance ake shanya ta, gefen da ke taɓa riga yana kallon ƙasa, don maganin ya taru ta can. Amma yadin kada ya taɓa komai. Katakon kaɗai ke hawa kan abin da ya tallabe shi, iska na bi ta sama da ta ƙasa.

Ta uku, bayan an fitar da rubutu da ruwa. Yanzu kam rana ba ta cutar da ita, har ma tana ƙara ma maganin ƙarfi. A ɗora tsohuwar jarida a kai a ɗaga, ba gogawa ba, don a tsotse ruwan da ya tsaya cikin haruffa. In an bar shi, yana bushewa da sauran magani ya toshe ƙofofin, ido bai gani, sai an zo bugu a ga tawada ta ƙi bi. Sannan a fitar a rana ta bushe, a maido ta. A ɗaga ta wajen haske a duba. In akwai ɗan huji ɗaya ko biyu, a toshe da ɗigon magani, a sake busarwa. In sun yi yawa, a kankare a sake. Asarar magani ta fi asarar riga sauƙi.

Ta huɗu, shanyar rigar da aka buga. Ku tambayi mai saida tawada wace iri ya ba ku. Akwai mai ruwa, wadda iska ke busarwa. Ita ma bushewar iska ba ta ishe ta ba, sai an ɗora ƙyalle marar kauri a kai an goge da dutsen guga mai zafi, minti uku zuwa biyar, ana motsa shi. Akwai kuma mai roba, wadda ba ta bushewa da iska ko ta shekara, sai zafi ya kai wajen digiri 160. Wadda ba ta da injin gasa ta, ta tsaya ga mai ruwa. Kafin a miƙa ma masu aiki, a ɗauki riga guda a wanke ta da sabulu a cuɗa. In rubutu ya zuba, guga bai isa ba. Ɗanyar riga ba a ɗora ta kan ƴar uwarta. Mu igiya huɗu munka ja cikin rumfa, muna rataya su ba mai taɓa wata.

Tawada mai ruwa tana da wani hali. Da iskarmu ta rani, tana bushewa cikin ƙofofin rariya tun kina tsaye. Don haka bugu da sassafe ake yi, ba a juya fanka wajen tebur, kuma in za a tsaya ko na shan ruwa ne, a rufe rubutun da tawada. Da an gama riga ta ƙarshe, wanki nan take. Ba "bari in yi salla in dawo". A ba wata ta wanke.

Rudun rariya

Da munka gane wannan duka, sai ma'ajiyarmu ta yi dariya ta ce, "Ashe albasa ce." Haka ne kuwa. Mi albasa ke so cikin rudu? Inuwa, iska ta ƙasa, kada ta taɓa ƙasa, kada a danne ta. Abin da muka sani tun muna ƴan mata ne, ba mu dai kai hankalinmu can ba.

Munka kira kafinta ya gyara mana wani tsohon kabad. Ya cire allunan ciki, ya kafa siraran katakai a bangon dama da na hagu, biyu-biyu suna kallon juna, tsakanin kowane hawa da na samansa yatsa huɗu. Rariya na shiga kamar aljihun tebur, ta fito haka nan, ba a ɗaga wata don a ciro wata. Ya huda ƙofa ƙarama a ƙasa, munka rufe ta da ƙyalle ninki biyu don ya tace ƙura. Ya huda wata a sama ta baya, munka sa ƴar fanka mai aiki da batir, tana jan iska tana fitarwa waje. Batirin pano ne ke caja shi, ko wuta ta ɗauke ba ruwanmu. Gaban kabad ɗin munka rataya baƙin zane mai kauri bayan ƙofa. Ƙyallen tacewa ana wanke shi duk mako.

Abu guda: wadda aka wanke tana ɗiga ba ta hawa saman wadda aka shafa ma magani. In dole su haɗu, jiƙaƙƙiya a ƙasa, busasshiya a sama. Mu dai yanzu ba ma haɗa su, kabad na masu magani ne kawai.

Wadda ba ta da kabad, babban kwali ya isa a fara. A sa duwatsu ko guntayen bulo huɗu a kusurwa, a ɗora rariya, a kife kwalin, a ɗan huda gefe a rufe hujin da baƙin ƙyalle. Ɗaya ɗaya zai ɗauka, amma ya fi bango.

Ɗauka

Rabin ɓarnar rariya a hannu take faruwa, tsakanin wuri da wuri. Iyayenmu da sunka yi aikin gyaran ƙasa na Kaita, wanda anka fara a 1984 da taimakon Italiya, sun san wannan. Mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsun nan da anka jera a kan tsaunuka. Innata takan ce aikin bai tafiya sai kowa ta san inda take ɗauka da inda take saukewa, in ba haka ba sai karo da zagi. To haka munka tsara gidan da muke aiki.

Wuri huɗu ne, a jere: wurin wanki can bakin magudana, ɗakin duhu, tebur ɗin bugu cikin rumfa, sai igiyoyin shanya. Rariya gaba take tafiya. Mai tawada ba ta ratsawa ta wajen igiyoyi, jiƙaƙƙiya ba ta shiga ɗakin duhu. Da can guga da wanki wuri ɗaya suke, har ruwa ya taɓa fantsama kan rigunan da anka gama.

Kowace rariya munka rubuta mata lamba a jikin katako, 1 zuwa 6, don yanzu shida gare mu. A jikin ƙofar ɗakin duhu akwai allo: lamba, ranar da aka shafa magani, aikin wa ke kanta. Amfaninsa, ba mai buɗe kabad don leƙe. Kowane buɗi haske ne da ƙura. Kuma wadda aka fara shafawa ita ake fara fitarwa, don magani ba ya son daɗewa a kan yadi da zafin nan namu. Mu ba ma wuce kwana biyu.

Riƙo da hannu biyu, a katako, a tsaye kamar madubi. Ba a ɗora ta a ka, ba a saƙala ta a hammata, ba a ɗora komai a kanta ko da kallabi ne. Wurin ajiya, a tsaya su gefe da gefe kamar faranti, da kwali tsakaninsu. Kusurwar ƙarama ita ke huda yadin babba, don haka a haɗa masu girma ɗaya.

Daga ɗakin duhu zuwa rana, komai a shirya shi tun ciki: baƙin ƙyalle a ƙasa, rariya, takardar rubutu, gilashi, duka kan faifan katako guda, a lulluɓe da baƙin zane. Mace biyu ke fita, ɗaya na ɗauke, ɗaya na riƙe da agogo. A yaye, a ƙirga, a rufe, a koma inuwa a jiƙa ta gaba da baya. Ba zan ba ku adadin minti ba, don ya danganta da irin maganinku da ƙarfin rana. Ku gwada a ƙaramar rariya, ku rubuta cikin kaye abin da ya yi daidai, ku riƙa fita a lokaci guda kullum.

In tafiya ta kama zuwa wani gari, kada a tafi da wadda ke da ɗanyen magani. A fitar da rubutu tukuna, ta bushe, sannan ta hau hanya. A sa kwali gaba da baya, igiya ta bi kan katako kada ta ratsa kan yadi. A kan moto, wadda ke baya ta rungume ta, ba a ɗaure ta da kaya. A kan amalanke ko cikin mota, a tsaye tsakanin abubuwa masu laushi, nesa da buhun albasa da ƙarfe.

Ga yadda ranarmu take yanzu. Da la'asar wanki. Bayan isha shafin magani. Da safe fitar da rubutu. Washegari bayan asuba bugu, kafin rana ta yi zafi. Da yamma guga. Rariya shida na ba mu damar uku na aiki uku na bushewa, ba mai zaman jiran wata.

Kafin ku buɗe akwati

Wata a cikinmu ta kawo shawara wadda ban so ba da farko, yanzu kuwa na ga hankali a cikinta. Ta ce mi ya sa za mu wahala da magani da duhu? A aika Tawa a fitar mana da rubutu a kan rariya, mu bugu kawai za mu yi. Ga ƙungiyar da aikinta sau biyu ne ko uku a shekara, wannan ya fi. Maganin da aka haɗa ba ya daɗewa, zafi na kashe shi cikin ƴan makonni, sai ki sayi gwangwani ki yi aiki da rabi ki zubar da rabi. In kuwa aiki na zuwa muku duk wata, kuɗin mota da jira za su cinye ribar, gara ku koyi yi da kanku. Ku ƙirga aikin da kuke da shi a hannu, ba wanda kuke fata ba.

In kun yanke za ku shiga, ga abin da zan roƙe ku. Kuɗin kabad da baƙin zane da rariya guda ta ajiya su shiga cikin lissafin bashi tun farko. Ku karɓi rabin kuɗin aiki kafin ku taɓa rigar kowa. Ku sayi riga biyu ko uku na gwaji. Kada ku karɓi aikin da ya rage ƙasa da mako guda, komai daɗin kuɗinsa. Kuma ku rubuta cikin kayen ƙungiya, a karanta gaban kowa: wa ke riƙe da makullin ɗakin duhu, wa ke ɗauka, in an yi ɓarna ƙaƙa za a raba ta. Akwatinmu makulli uku gare shi a hannun mata uku, don kada zargi ya faɗa kan mutum guda. Kayan da kuɗin akwatin sunka saya su ma suna son irin wannan tsari.

Sai lafiyar jiki. Wasu masu bugu na haɗa maganinsu da wani gari mai launin lemu da ake kira bikoromat. Guba ne. Kowane irin magani kuke da shi, ku sa safar hannu, kada yara su shiga ɗakin, kada a auna shi da cokali ko kwanon abinci. Ruwan wanki a haƙa mishi rami nesa da rijiya da wurin shan bisashe. Mai ciki da mai goyo mu kan ba su guga da ninki.

Yarinyar nan da anka so a ɗora ma laifi, yau ita ke riƙe da makullin ɗakin duhu. Ko ni ba na shiga sai ta ce. Bana tun farkon Afrilu ta rubuta a allo ranar da za mu daina karɓar aikin 13 ga Mayu, kuma ta ce ko ƙanwar uwarta ce ta zo bayan ranar, sai dai ta yi haƙuri.

Ƙungiyoyin nan biyu da sunka aiko, da duk mai so, ku turo mata biyu ranar kasuwa su zo su ga kabad ɗin da idonsu, su auna, su kai ma kafintansu. Ba ma karɓar ko dala. A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zancen tara. Waɗanda ke da bashin latti su fara shiri.

Allah shi yi ma asusunmu albarka, shi ba mu damina mai kyau. Ku gaida gida.